Ɗan Caina a Zauren Kaka

A ƙauyenmu, tafiyar hantsi a ƙafa daga kasuwar Gezawa, akwai wani tsohon soro da muke kira Zauren Kaka. Na ce akwai, bakina ne har yanzu bai saba ba. Kaka shi ne mutumin da ya sari garin, ya haƙa rijiyar farko, ya zauna a wannan zaure yana ba da karatu har Allah ya karɓi abinsa. Kabarinsa yana maƙabarta tare da na kowa. A cikin zauren babu komai sai buzunsa da gashin ya ƙare, da allonsa, da wata tsohuwar buta. Sai kuma bangon.

Bangon shi ne abin magana. Al'adar garinmu ce, idan magidanci ya rasu, ranar yaɓen shekara magajinsa zai shiga zauren, a liƙa ɗanyar ƙasa a bango daga ciki, ya danna tafin hannunsa a madadin mamacin. Babu rubutu, babu wata alama, tafi ne kawai kusa da tafi, tun daga gindin bango har inda sai an taka turmi. Mahaifina shi ne mai riƙon zauren, ya gada daga nasa mahaifin. Ranar yaɓe, da bazara kafin ruwa ya sauka, gari gaba ɗaya ke fitowa gayya. Samari na taka ƙasa, mata na kawo ruwa da makuba, magina na bisa rufi ana cilla musu curi. Idan an gama sai Baba ya shiga shi kaɗai, ya fara daga hannun dama na ƙofa, yana ɗora hannunsa a kan kowane tafi yana kiran sunan mai shi da na ubansa da ƙarfi. Jama'a daga waje suna amsawa, "Allah ya ji ƙansa." A ƙarshe a yi fatiha, a raba wa yara gumba, kowa ya kama gabansa.

Baba mutum ne gajere, mai taurin kai, wanda zai iya tayar da gida yana neman hularsa alhali tana bisa kansa. Amma a wannan bango ban taɓa jin ya yi tuntuɓe ba. Mu kuwa da muka yi boko muka riƙe alƙalami, bai taɓa zuwa mana a rai mu rubuta ba. Wa zai rubuta abin da yake ji kowace shekara kamar kiran salla?

Sai shekarun nan suka zo, waɗanda duk wanda ya rayu a cikinsu ba ya son a tuna masa. Damina ta yi ta yi mana rowa shekara bayan shekara. Gero ya fito ya tsaya iya gwiwa ya ƙone. Kududdufin da muke haƙar ƙasar gini ya bushe ya tsattsage. Mutane suka riƙa zare jinkar ɗakunansu suna ba jakuna, tafasa da rama suka zama abincin manya. Duk mai ƙarfi ya tafi ci-rani, wasu har yau ba su dawo ba. Rijiyar Kaka da ba a taɓa jin ta ƙafe ba, sai mata su zauna a bakinta tun asuba suna jiran ɗan abin da zai tsatso, rabi ruwa rabi laka.

A irin wannan hali wa zai buɗe baki ya ce a ba shi ruwan kwaɓa ƙasa? Yaɓe ya tsaya. Rufin zauren ya fara darewa, indararo ya faɗi, azara ta fara leƙowa ta kusurwar gabas. Baba ya san abin da kowa ya sani, soron da ya daɗe bai sha yaɓe ba, fari ne kawai ke riƙe da shi. Ranar da ruwan kirki ya sauka, ranar zai tafi. Idan muka fita roƙon ruwa, ina kusa da shi a sahu, sai in ji yana ƙara tasa a ƙasa-ƙasa: "Allah ka ba mu ruwa, amma ka ba mu ikon yaɓe kafin ya zo." Na kan ce masa, "Baba, kai kaɗai ne a garin nan kake sa wa ruwan sama sharaɗi." Sai ya harare ni ya ce in rufe masa baki.

Ana cikin haka, wata bazara, sai ga wata ƙatuwar mota mai dogon ƙarfe a baya ta shigo gari, da 'yan Caina a ciki. Gwamnati ce ta turo su haƙa rijiyar burtsatse. Ni a lokacin ina koyarwa a firamaren garin, da mata da 'ya'ya, don haka dagaci ya ce ni ne tafinta. Na saka rigata mai kyau na je da Turancina na makarantar horon malamai ina taƙama. Ashe nasu Turancin ya fi nawa rauni. Rabin maganarmu da hannu muka yi ta.

Babbansu wani dattijo ne siriri mai tabarau, don haka gari ya sa masa Mai Tabarau. Ba ya son kujera, tsugunne yake zama kamar mai jiran mota a tasha, da sigari a baki. Wurin da suka auna suka ce akwai ruwa bai da nisa da Zauren Kaka, ana hango ƙofar daga nan. Baba ya ɗauki wannan a matsayin amsar addu'arsa. Kullum da safe sai ya je ya gaishe su, ya miƙa wa Mai Tabarau goro. Ranar farko mutumin ya gatsa, fuskarsa ta yamutse, idonsa ya kawo ruwa, amma ya haɗiye ya ɗaga babban yatsa. Baba ya ce, "Wannan ɗan gidan mutunci ne." Ni dai na san ba zumunci ne ya kai Baba ba, ruwan kwaɓa ƙasa yake zawarci.

Wata rana da suka tashi daga aiki, Baba ya ce in gaya wa baƙon ya zo ya ga gidan wanda ya riga shi haƙa rijiya a garin. Muka tafi mu uku. Ya ga Baba ya cire takalmi, shi ma ya cire nasa. Da idonsa ya saba da duhun ɗakin ya ga tafukan, sai ya cire tabarau ya goge ya mayar. Na yi masa bayani iya ƙoƙarina. Baba kuwa da ya samu ɗan kallo, sai ya ɗora hannu ya fara jero sunaye, wane ɗan wane, wane ɗan wane, har ya kai kusurwa.

Da muka fito Mai Tabarau ya tsuguna a inuwar bango ya fara magana a hankali, ina fassarawa. Ya ce su ma a ƙauyensu suna da irin wannan ɗaki. An gina shi ne don tunawa da wani mutumin da can da daɗewa ya yanko musu ruwa daga kogi zuwa gonaki. Ya ce rufinsa na tanƙwararren kasko ne, a ciki akwai gunkin mutumin, da ƙananan alluna na katako a jere, kowane da sunan wani kakansu. Sau ɗaya a shekara, farkon shuka, duk ɗan garin da ke nesa yakan dawo, a share wurin, a kunna turare, a ajiye abinci, a ci tare. A nan ake sasanta rigimar gona, a nan ake kai ango ya gaida magabata. Ya ce ba ka zama ɗan garin ba sai ka san inda allon gidanku yake.

"To madalla," in ji Baba. "Ka ce masa gunkin ne dai ban so ba, amma sauran duk hankali ne. Yana nan har yanzu?"

Na tambaye shi. Ya ce lokacin yana saurayi, samarin garin suka tashi suka ce duk wannan tsohon yayi ne, suka fasa ƙofar, suka tara allunan a fili suka cinna musu wuta. Ya ce yanzu an fara maganar sake ginawa, amma tsofaffin da suka san sunayen sun ƙare.

Baba ya ce, "Tambaye shi, yaran nan yunwa ce ta sa su?"

Ya girgiza kai. Ya ce ba yunwa ba ce, sun dai tabbata su ne a kan gaskiya. Na ce shi fa, yana ina ranar? Ya ce, "Ina wurin." Ya kunna wata sigarin, ni kuma ban ƙara tambaya ba.

Ba a daɗe ba ruwa ya ɓalle daga rijiyar burtsatsen. Ba zan manta ba, fari tas, ya yi tsiri sama, yara suka shiga ciki da rigunansu, tsofaffin mata na guɗa suna kuka. Tun kafin a gama ɗaura famfo Baba ya je wurin dagaci, aka sa sanƙira ya zaga gari: gayyar yaɓen Zauren Kaka ranar Asabar ta sama. Ranar na ga Baba yana dariya har ana ganin gurbin haƙoransa.

Ranar da baƙin za su tafi, da hantsi, ina taya su ɗaure kaya sai na nemi Mai Tabarau na rasa. Can na ga matan da ke layin famfo duk sun juya wuri guda, sun saki baki. Na bi idonsu. Ga shi a ƙofar Zauren Kaka, cikin farar riga wankakka. Ya ajiye kwanon shinkafa da kofin shayi a bakin dokin ƙofa, ya kafa turaren tsinke a cikin rairayi yana hayaƙi. Ya haɗa hannuwansa biyu a ƙirji, ya sunkuya, ya ɗago, ya sake sunkuyawa. Daga nan ya durƙusa ya kai goshinsa ƙasa, ga shi ya juya wa alƙibla baya.

Na ruga, amma kafin in isa ya gama. Baba yana tsaye a gefe da tsintsiya a hannu.

"Baba, ka bar shi?"

"Yo in ce masa me? Baƙo ne, yana ban kwana irin na garinsu. In kore shi da tsintsiya bayan ya ba mu ruwa?"

Mutumin ya miƙe ya kakkaɓe gwiwa, fuskarsa a sake, ya kama hannun Baba da hannu biyu ya yi ta girgizawa. Ya ce in gaya masa ya riƙe wurin nan da kyau. Ya shiga mota suka tafi, yara na bin su da gudu. Na tabbata har ya koma ga Mahaliccinsa, in ya koma, yana ganin ya yi mana babban karamci. Ban taɓa jin haushinsa ba, ko sau ɗaya. Haushin namu nake ji.

Kafin azahar labari ya gama gari, ya kuma yi ƙiba a hanya. Wasu suka ce ya yanka kaza, wasu suka ce Baba ne ya riƙe masa turaren. Ranar Juma'a bayan an sallame, ɗan baffana ya miƙe ya nemi izinin liman. Shekarunmu ɗaya da shi, tare muka yi kiwo, amma shi ya yi karatu a birni ya dawo da littattafai da gemu. Ba mugun mutum ba ne, in faɗi gaskiya, a shekarun yunwar nan ya ciyar da gidajen da ba nasa ba. Ya ce ya daɗe yana faɗa a ɓoye, yau Allah ya bayyana.

"Jama'a, ga masallaci nan a tsakiyar gari," ya ce. "Me ya hana mutumin nan ya zo nan ya kunna turarensa? Ya wuce masallaci ya tafi can, don da kallo ɗaya ya gane irin nasu ne. Wanda bai san salla ba ya gane, mu masu salla muna musu?"

Ni kuwa da ba ni da haƙuri tun ina yaro, na miƙe na ce to in haka ne ya daina shan ruwan famfon, tunda hannun da ya kunna turaren shi ya haƙa. Aka yi dariya kaɗan, aka ce in zauna. Baba ya yi magana daga inda yake zaune, bai ɗaga murya ba.

"Ni addu'a nake yi wa matattu, ɗana. Ban taɓa roƙonsu ko ƙwayar gero ba. Ubanka ma tafinsa yana ciki, kai ka danna shi."

"Na danna cikin jahilci, Baffa. Matan da ke ɗibar ƙasar bakin ƙofar suna jiƙa wa yara in sun yi zazzaɓi fa? Su ma addu'a suke yi?"

Nan ya kama mu, don ana yi, kowa ya sani. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Baba ya sha korar matan, amma bai iya kwana a ƙofar yana gadi ba. Aka juya ga dagaci, shi kuma ya ce a bari ƙura ta lafa. Wannan ita ce amsarsa ga kowace magana tun da aka naɗa shi.

Asabar ta zo. Gwaggona, ƙanwar Baba, ta tattara ɗan tsakin da ya rage ta dama kunu cike da babbar ƙwarya. Muka kwaɓa ƙasa tun sassafe da ruwan sabon famfo. Muka jira. Waɗanda suka zo ba su cika tabarma ɗaya ba, kuma duk tsofaffi ne, ciki har da wani magini da idonsa ya fara mutuwa. Sauran maza suka riƙa wucewa da fartanya a kafaɗa, suna kallon wancan gefen kamar an kira su. Ban yarda duk wa'azin ne ya ratsa su ba. Mutane ne da yunwa ta cinye, ga sharar gona a gabansu, ga kunyar a ce musu masu tsafi. Faɗuwa ce ta zo daidai da zama.

Muka yi abin da za mu iya. Muka toshe tsagar bango, muka shafe gindin. Amma rufin yana son sabuwar azara da majiya ƙarfi masu cilla curi sama, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Baba ya kafa tsani ya hau da kansa, da ƙwaryar ƙasa a ka. Sai ga ɗan baffan nawa ya zo da sauri ya riƙe tsanin.

"Baffa, don Allah ka sauko, kada ka karye."

"In kana jin tausayina miƙo min ƙasa."

Bai miƙa ba, bai kuma saki tsanin ba. Haka ya tsaya a rana yana riƙe da shi har Baba ya gaji ya sauko. Na so in zage shi, na rasa ta inda zan fara. Kunun Gwaggo yara suka shanye.

Shekarar ce Allah ya buɗe sama. Ruwa ya sauka kan kari, shuka ta kama, gari ya yi kore har ka manta an taɓa wahala. Kowa na murna, ni ma ina murna, ina da bakuna da zan ciyar. Baba kaɗai ne idan hadari ya haɗu zai fita ya tsaya yana kallon rufin. Ya kwashe buzun da allon da butar ya kai ɗakinsa. Ya shimfiɗa tsofaffin tabarmi da buhuna a bisa, iska ta kwashe. Da marka ta zauna, wata la'asar muna zaune a gida ana yayyafi, sai muka ji wani nishi mai nauyi, ƙasa ta ɗan motsa. Babu wanda ya tambayi mene ne. Baba ya ajiye carbinsa ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," kamar an aiko da rasuwa.

Da rufi ya tafi, ruwa ya samu bangon ta ciki. Muka kafa zana, muka rataya buhuna, duk a banza. Ina gani tafukan suna narkewa, yatsu su fara shafewa, sannan tsakiyar ta cike da laka. Kafin kaka ta yi, Zauren Kaka ya zama tudun jar ƙasa, kabewa ta yaɗu a kai.

Amfanin gona ya yi kyau, rumbuna suka cika. Da ciki ya ƙoshi sai kunya ta dawo wa mutane. Dattawa suka zo wurin Baba a ƙungiya suka ce a yi haƙuri, sharrin Shaiɗan ne da na yunwa. Suka ce za a sake ginawa da bulo da kwano, ba turare ba ɗibar ƙasa, ɗaki ne kawai na tunawa da addu'a, ko ɗan baffana ya ce in dai haka ne ba zai hana ba. Abin da ake so, Baba ya jero sunayen, malamin makaranta ya rubuta, a manna a bango.

Baba ya ce to. Washegari da hantsi muka taru a wurin, mutane sun fi na kowace gayya yawa. Na zo da alƙalami da takarda. Baba ya hau tudun, ya tsaya inda ƙofar take a da, ya juya dama, ya ɗaga hannu a iska daidai ƙirjinsa. Ya fara, wane ɗan wane. Jama'a suka amsa da ƙarfi, "Allah ya ji ƙansa." Ya matsa, ya kira wani, ya kira wani. Ina rubutawa ina jin daɗi. Bai yi nisa ba sai ya tsaya. Hannunsa ya yi sama, ya yi ƙasa, yana lalube. Ya koma baya ya sake farawa daga ƙofa, ya zo daidai wurin ya sake tsayawa. Ya tsallaka ya kira wani suna daga can kusurwa, ya haɗa shi da uban da ba nasa ba, ya ce a'a, ba haka ba ne.

Wani tsoho daga cikin jama'a ya ce, "Malam, kakan babana fa? An ce tafinsa yana ƙarƙashin taga, mai guntun yatsa."

"Na san yana nan," in ji Baba. "Mai guntun yatsa, na san shi. In na taɓa shi sunan zai zo."

Ya miƙa hannu inda tagar take a da. Babu komai a wurin sai sarari, ana hango gonakin dawa. Ya daɗe a haka, mu kuma muka sunkuyar da kai, babu mai iya kallonsa. Takardata ko rabi ba ta yi ba. Wallahi ban taɓa jin baƙin ciki irin na wannan hantsi ba, ko ranar da muka binne shi.

A ƙarshe ya sauke hannun, ya goge shi a rigarsa ko da yake bai taɓa komai ba. Ya juyo ya fuskanci jama'a, ya ɗaga tafukansa biyu ya ce, "Allah ya ji ƙan waɗanda muka sani, da waɗanda ba mu sani ba."

Tun da nake ban taɓa jin wannan addu'a a bakinsa ba sai ranar. Ita ce kuma muke yi har yau.